Wace ce Eve Muirhead ɗin nan?

Ɗan Gusau: Jama'a jiya na ga bidiyon wata mata 'yar Sikotlan tana tura dutse bisa ƙanƙara wasu na shara gabanshi, wai Eve Muirhead, mi ta ci ne?

'Yar Argungu: Yaya ai gwana ce wallahi, curling ake ce ma wasan, ta ci kofin duniya a 2013, tagulla a gasar Olympics ta hunturu a Sochi 2014, a ta 2018 ta zo ta huɗu ba lamba amma ba ta karaya ba, sai da ta ɗauko zinare a Bejin 2022, suka doke Japan 10-3. Haƙurinta ya burge ni sosai.

Baban Ummi: Dutsen fa ya kusa kilo 20, sharar kuma don ya ƙara nisa ne.

Ɗan Gusau: Tana bugawa har yanzu?

'Yar Argungu: A'a, ta aje a 2022 ɗin.