Fluconazole ya daina yi min aiki, jabu ne ko me?

Maman Hanifa, Garwa:
Slm 'yan uwa, dan Allah a taimaka min da shawara. Ƙaiƙayin gaba da farin ruwan nan mai kauri kamar kindirmo ya dawo min karo na 4 kenan bana. Da can fluconazole 150 ƙwaya ɗaya nake sha, kwana biyu na manta, yanzu na sha har uku wlh kamar ruwa na sha. Jabu ake sayar mana ko jikina ne ya saba?

Hajiya Ladi, Marwa:
'Yata ki dafa bagaruwa ki dinga tsarki da ita, ki haɗa da Flagyl. Mu da shi muka rayu.

Anti Jamila, Njamena:
Hajiya a yi haƙuri, Flagyl ba ya taɓa wannan, na bakteriya ne da trikomonas. Maman Hanifa a labo nake aiki, jabu akwai kam, amma ba jikinki ne ya saba ba, ita Candida, wato ƙwayar cutar da ke kawo wannan ƙaiƙayin, ita ce ke iya canzawa. Fluconazole hana ta yake haɗa ergosterol, abin da take gina fatarta da shi, to a ƙwayoyin halittarta akwai ERG11, shi ke yin abin da maganin ke kamawa, in ya ɗan sauya kamar an canza kwaɗo ne makullinki ba ya shiga. Akwai kuma CDR1, CDR2 da MDR1, su famfo ne, magani na shiga suna tofo shi waje. Duk sanda kika sha barkatai masu rauni ke mutuwa, masu taurin kai su hayayyafa. Kuma Candida iri-iri ce, wataƙila ma taki ba irin albicans ba ce, krusei tun asali ba ta jin fluconazole, glabrata ma da ƙyar. Ki je a ɗebi ruwan a yi kultir da antifonjigram, wato gwajin da zai nuna irin Candida ɗin da maganin da take ji, ai kuna da reshen Centre Pasteur nan Garwa. Ki auna suga ma.

Ummu Khalid, Kusiri:
Ni ma suga ce ta fito ashe. In da ciki kuma kar ki sha ƙwayar, ovul, wato maganin da ake sakawa a gaba, ungozoma ta ba ni na kwana 7.

Maman Hanifa:
Na gode Anti, Litinin zan je insha Allah. Maigida fa, shi ma sai ya sha?

Anti Jamila:
In ba ya ƙaiƙayi ko ja a wajen ba dole ba ne. Ke dai kar ki saka ovul kafin ki je, yana ɓata gwajin.