Wa zan ba wa ragamar mulki a daular labarina?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum. Tun da aka gama girbin gero nake rubuta labarin wata daula da na ƙirƙira, da dare a shagon cajin wayar ƙanena. Sarkina yana da Waziri, amma komai a hannun sarkin yake: yaƙi, haraji, shari'a. Labarin ya yi lami. Yaya zan raba?

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam. Ɗana, ai ba sai ka je nesa ba. Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Tara ta Kano, majalisar mutum 9. Har gobe Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta ne masu zaɓen sarki. Ka ba waɗansu ikon naɗi, ka hana su gadon sarautar, sai ka ga rigima ta tashi da kanta.

Baban Yara: Malama ta faɗi gaskiya. Amma kada ka manta bayin sarki, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Wanda ke tsaron ƙofa ya fi Waziri sanin wanda zai ga sarki yau. Baitulmali kuma ka damƙa wa Ma'aji, ka sa ba sa ga maciji da Waziri.

Ɗan Ringim: Na gode, Baba. Ma'ajin nan surukin Waziri zan mai da shi.