Waɗanda suka tashi a cikin birnin Kano: me ya sami gidajenku na gado?

Ɗan Yakasai: Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka tashi a cikin badala su ba mu labarin gidajensu. Namu, bayan rasuwar kakanmu aka zo rabon gado, kuma da yake babu magajin da rabonsa ya kai ɗaki biyu, sai aka sayar wa wani ɗan kasuwa. Soron da muka yi karatun allo a ciki yanzu sito ne.

Mazaunin Fagge: Wa alaikumus salam, Malam. Mu kasuwa ce ta cinye mu. Tun da Kantin Kwari ta cika ta batse, gidajen da ke kusa da ita suke komawa shaguna da ɗakunan ajiye diloli, domin kuɗin hayar shago ya fi na ɗakin kwana nesa ba kusa ba. Da rana ba ka samun wurin sa ƙafa a layinmu, amma bayan sallar isha'i sai masu gadi kawai, har masallacin da a da yake cika da asuba yanzu da ƙyar yake yin sahu ɗaya.

Wata malamar makaranta: Abin da ya fi damuna shi ne kududdufai. Daga cikinsu magabata suka haƙi ƙasar da suka yi gini da ita, kuma su ne suke ɗaukar ruwan damina. Wanda ke bayan gidanmu an cike shi da shara, aka yanka filaye aka gina, tun daga lokacin kuwa duk ruwa mai ƙarfi a tsakar gidan mahaifiyata yake kwana. Ginin ƙasa ba ya jure haka, katangarmu ta gabas ta faɗi sau biyu. Ita kanta ganuwa, a wurare da dama sai an nuna maka inda ta bi.

Tsohon ma'aikacin masaƙa: Da masana'antun Bompai da Sharada suka fara rufewa, kuɗin gyaran gida ya yanke wa da yawa daga cikinmu. Waɗanda suka samu hali sun koma Hotoro da Rijiyar Zaki.

Ɗan Yakasai: Baba, kai ma ka tashi ne?

Tsohon ma'aikacin masaƙa: Ina nan a Gwammaja. 'Ya'yana sun matsa mini in sayar, sau uku dillalai suna zuwa, amma na ce a jira tukuna.