Da gaske ne shan giya kaɗan-kaɗan yana gyara zuciya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan yayana. Shekarunsa 54, yana da hawan jini, yana kan magani. Kullum bayan cin abincin dare sai ya sha kofi biyu na jar giyar inabi. In an yi masa magana sai ya ce shi ba mashayi ba ne, bai taɓa buguwa ba, kuma ya karanta cewa likitocin Turai sun gano ɗan kaɗan ɗin yana wanke jijiyoyin zuciya. Ba hukuncin addini nake tambaya ba, wannan kowa ya san shi. Ta fuskar lafiya nake so masu sani su faɗa mini: akwai gaskiya a maganarsa? Kuma nawa ne "kaɗan" ɗin?

Likitan zuciya:
Wa'alaikumussalam, 'yar'uwa. Yayanki ba ƙirƙirar maganar ya yi ba, tsohon labari ne ya riƙe bayan masu shi sun sake shi. A farkon shekarun 1990 ne ta bazu, lokacin da aka lura Faransawa suna cin maiƙo sosai amma ciwon zuciya bai kashe su kamar maƙwabtansu, sai aka ɗora abin a kan giyar inabin da suke sha. Bincike da dama kuma sun nuna masu shan kaɗan sun fi waɗanda ba sa sha tsawon rai.

Sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba. Su wane ne "waɗanda ba sa sha" ɗin? Da aka duba, sai aka tarar an cusa tsofaffin mashaya a cikinsu, waɗanda ciwon hanta ko na zuciya ya tilasta wa dainawa, da tsofaffi masu shan magunguna. To in ka gwada mai lafiya da marar lafiya, ai dole mai lafiya ya yi nasara ko da me yake sha. Ga shi kuma masu shan kaɗan a ƙasashen da aka yi binciken yawanci masu rufin asiri ne, suna cin mai kyau, suna ganin likita a kan kari. A 2023 an tattara bincike 107 da suka shafi mutum kusan miliyan 4.8, aka cire waɗannan kurakurai, sai amfanin da ake ta yaɗawa ya ɓace. Kafin nan, a 2019, wani bincike a kan mutum 500,000 a Sin ya nuna hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suna ƙaruwa ne daidai da yawan abin da ake sha, babu wani mizanin da yake kāre mutum.

Ga mai hawan jini kuwa abin ya fi sauƙin yankewa. Barasa tana ɗan buɗe jijiyoyi na 'yan awoyi, jini ya sauka, daga nan ya yi sama fiye da da. Mai sha kullum yana jan igiya ne da maganinsa. Tana kuma jawo rikicewar bugun zuciya, wanda yake tara gudan jini ya tafi ƙwaƙwalwa. Babu likitan zuciyar da zai rubuta wa majinyaci giya a matsayin magani.

Mai harhaɗa magunguna:
Likita ya gama da ɓangaren farko, bari in ɗauki na biyu, domin kalmar "kofi" ce take yaudarar mutane. Ba da kofi ake auna giya ba, da giram na tsantsar barasar da ke ciki ake aunawa. Lissafin ba wuya: ki ɗauki yawan abin shan a mililita, ki ninka da kason da aka rubuta a jikin kwalba, ki ninka da 0.8, ki raba da 100.

Ƙaramar kwalbar biya mai mililita 330 da kashi 5 tana da kusan giram 13. Babban kofin giyar inabi mai mililita 250 da kashi 13, giram 26 ne. In irinsa yayanki yake cikawa sau biyu, giram 52 ke nan a dare guda, 364 a mako.

Yanzu ki gwada da iyakokin da ƙasashe suka sa. Birtaniya tun 2016 ta ce kada namiji ko mace su wuce awo 14 a mako, kowane awo giram 8, wato giram 112. Kanada a 2023 ta sauko ƙasa ƙwarai, ta ce haɗarin yana zama kaɗan ne kawai idan ba a wuce kwatankwacin ƙananan kwalaben biya guda biyu a mako ba, a mako fa, ba a rana ba. Kin ga wanda yake ganin kansa mai shan kaɗan zai iya ninka iyakar Birtaniya sau uku bai sani ba. Ki auna kofin nasa da ruwa a kofin awo, kada ki dogara da ido.

Rashin buguwar da yake taƙama da shi kuma ba alamar lafiya ba ce. Ƙwaƙwalwa ce ta saba. Hanta ba ta sabawa haka, abin da take iya sarrafawa a awa guda bai wuce kimanin giram 8 zuwa 10 ba, kuma shan ruwa ko gahawa ko wanka ba sa ƙara mata sauri.

Likitar cutar kansa:
Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kansa, kuma shi ne ya fi damuna. Tun 1988 hukumar binciken kansa ta duniya da ke Faransa ta sa giya a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, rukuni guda da taba. Aƙalla kansa bakwai aka danganta da ita: ta baki, ta maƙogwaro, ta akwatin murya, ta hanyar da abinci ke bi zuwa ciki, ta hanta, ta babban hanji, da sankarar mama.

Yadda abin yake faruwa: jiki yana mayar da barasa wani sinadari mai suna asetaldehaid kafin ya rage masa guba. Shi wannan sinadarin yana lalata ƙwayoyin halitta, yana kuma hana su gyara kansu. Babu ruwansa da tsadar kwalba ko launin abin da ke ciki, ja ne ko fari, biya ce ko wuski, barasar ɗaya ce. Ga mata tana ɗaga sinadarin jikin mace mai suna estirojin, shi ya sa kowane giram 10 a rana yake ƙara haɗarin sankarar mama da kusan kashi 7 cikin ɗari. In an haɗa da taba, haɗarin kansar baki da maƙogwaro ninkawa yake yi, domin barasa tana sa fatar wurin ta riƙa tsotse gubar hayaƙin. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito a Janairun 2023 ta ce babu wani mizanin giya da za a kira marar illa ga lafiya. Sinadarin inabin da ake yabo kuwa, abin da ke cikin kofi bai kai ya yi wani tasiri ba, kuma yana nan a cikin 'ya'yan inabin kansu.

Mai nazarin alƙaluman lafiya:
Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ina so mu faɗi girman haɗarin yadda yake, don in aka zuzuta masa zai gane, ya watsar da maganar baki ɗaya. A babban nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2018, cikin mutum 100,000 da ba sa sha, 914 ne suke gamuwa da ɗaya daga cikin matsalolin da ake dangantawa da giya a shekara. Masu shan giram 10 a rana, 918. Masu giram 20, 977. Masu giram 50, 1,252. Wato a matakin farko ƙarin ɗan kaɗan ne, daga nan sai ya riƙa hawa da sauri. Yayanki, in lissafin mai magunguna ya yi daidai, a layin ƙarshe yake, ba na farko ba. Kuma waɗannan alƙaluman na jama'a ne gaba ɗaya, ba na ɗan shekara 54 mai hawan jini ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na manta ban faɗa ba, yana yawan shan maganin ciwon gwiwa, wani lokacin har da na barci. Mun yi shawarar mu kwashe kwalaben mu zubar, ya daina lokaci guda. Hakan ya yi?

Mai harhaɗa magunguna:
Wannan da kika manta shi ne na gaggawa. In maganin gwiwar irin su ibufurofen ko diklofenak ne, su da barasa duka suna cin fatar ciki, haɗuwarsu tana kawo gyambon ciki da zubar jini, su kansu kuma suna ɗaga hawan jini. In ya ga baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini, asibiti nan take. Farasitamol ya fi sauƙi ga ciki, amma ga mai sha kullum yana wahalar da hanta, don haka likita ne zai sa masa iyaka. Maganin barci irin su dayazifam, da tiramadol da kodin, su ne masu kisa: suna haɗuwa da barasa su danne numfashi cikin barci. Kada ya haɗa su ko sau ɗaya. Flagyl ma ba a shan sa da giya, sai an yi aƙalla kwana biyu da gama shi. In yana da ciwon suga a faɗa wa likita, domin barasa tana hana hanta fitar da suga cikin dare, sugan jininsa ya yi ƙasa sosai, a ɗauka maye ne.

Wataƙila ma giyar ce take kawo rashin barcin. Tana sa mutum ya yi saurin yin barci, amma da ta fara fita daga jini sai ya farka tsakar dare, ga fitsari, ga minshari.

Ma'aikaciyar jinya, sashen masu daina shaye-shaye:
Don Allah, ƙanwata, kada ku zubar tukuna. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kowane dare, jikinsa zai iya dogara da ita ba tare da shi ya sani ba. Ku fara lura: in ya tsallake dare guda, hannunsa yana karkarwa da safe? Yana zufa, tashin zuciya, faɗuwar gaba, ko saurin fushi? Waɗannan sukan fara tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Jijjiga irin ta farfaɗiya takan zo cikin kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane kuma wajen kwana na biyu zuwa na huɗu, wannan kuwa yana iya kisa. In akwai ko ɗaya daga cikin alamun farkon, a hannun likita zai daina, akwai maganin da ake bayarwa na 'yan kwanaki tare da bitamin B1.

In babu, sai a bi a hankali. Makon farko ya rubuta abin da yake sha a giram, ba tare da canza komai ba. Daga nan a canza masa ƙaramin kofi, ya koma ɗaya, sannan a sa ranakun da ba ya sha, biyu, uku, har su cinye makon. A gefe guda ya riƙa auna jininsa safe da yamma yana rubutawa, domin ga masu sha irin nasa jinin yakan sauka cikin 'yan makonni, kuma ganin haka da idonsa zai fi masa duk maganar da za ku yi. Likitansa ya san ana ragewa, don wataƙila a rage masa magani kada jiri ya kama shi.

Ranar da zai je asibiti ya tafi da duk kwalayen magungunansa, ya faɗi gaskiyar abin da yake sha. Ya nemi gwajin aikin hanta, da na ciwon hanta nau'in B da C, da na suga da ƙoda, da awon bugun zuciya. In aka samu B ko C, maganar "kaɗan" ta ƙare, ko ɗigo bai kamata ya sha ba. Ki sani kuma gwajin hanta yana iya fitowa lafiya lau alhali kitse ya fara taruwa a cikinta, don haka a nemi hoton ciki ma.