Yadda za a gyara rubutun magani a asibitocin inshorar lafiya

A zaman da muka yi da likitoci, masu harhaɗa magani da ma'aikatan kamfanonin inshora, an fi daɗewa kan abu ɗaya: takardar umarni daga ofis ba ta sauya irin magungunan da likita ya saba rubutawa. Gara a nuna masa rubutunsa. Mai harhaɗa magani ya zauna da shi minti goma, su duba katunan marasa lafiya na wata guda: ga mai mura da aka ba amoksilin, maganin kashe ƙwayoyin bakteriya da ba ya warkar da mura, ga mai zazzaɓi da aka rubuta wa maganin maleriya ba gwaji, alhali tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara gwada jini. A yi cikin sirri, kada a kunyata shi gaban yaransa.

An kuma ce a riƙa rubuta ainihin sunan magani, ba na kamfani ba.

Sai batun kuɗi. A tsarin NHIA, wato Hukumar Inshorar Lafiya ta Najeriya, asibiti na karɓar ƙayyadadden kuɗi kan kowane mai rajista. Idan biya ya makara, sai ka ji "babu, je kemis ka saya". Wannan na ci mini rai, domin talaka ya biya sau biyu ke nan. Kowa ya yarda a fara da biyan asibitoci kan kari.