Me za mu kira "consultation publique" idan a kan takardun hukuma ake magana?

Mai fassara a gidan rediyo, Tawa:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Kalma biyu suka tsaya mini, kuma ranar Alhamis zan karanta shirin. Shirin a kan takardun da hukuma ke sa mutane cikewa ne, a ciki kuma akwai inda ake bayanin yadda Amurkawa ke yi: ma'aikata ba ta fito da sabuwar takardar cikewa, ko sabbin tambayoyin da za ta yi wa mutane, sai ta sanar tukuna, ta ba kowa lokaci ya faɗi abin da ya gani. Rubutun da aka ba ni da Faransanci yake, ya kira abin "consultation publique". Abin da ke zuwa baki nan da nan shi ne "jin ra'ayin jama'a", amma da shi muke kiran binciken nan da ake tambayar mutane wa za su zaɓa, har ƙuri'ar raba gardama wasu da shi suke kiranta. Ta biyu ita ce "charge administrative", wato abin da cika takardar ke ci wa mutum. Wani abokin aiki ya ce in sa "nauyin mulki". A kunnena wannan abin da ke bisa kan sarki ne, ba na talaka ba. Ku agaza mini.

Malamin lekol, Illela:
Wa alaikis salam ƙanwata. Ta farkon ai shela ce. Hukuma ta yi shela, mai magana ya zo ya yi. Kada mu wahalar da kanmu.

Ma'aikacin shari'a, Yamai:
Malam, a yi haƙuri, mu fara sanin abin da muke nema wa suna. Dokar da ake nufi ta rage yawan takardu ce. Shugaba Jimmy Carter ya sa mata hannu a watan Disamba na 1980, aka sake yi mata babban gyara a 1995. Duk ma'aikatar gwamnatin tarayya da ke son yi wa mutum 10 ko fiye tambayoyi iri ɗaya, ko ta sa su riƙa ajiye wasu bayanai, sai ta nemi izini daga ofishin kasafi da tsarin aiki na fadar shugaban ƙasa. Kafin ta kai buƙatar, sai ta buga sanarwa a jaridar gwamnati, irin "Journal officiel" namu, ta jira kwana 60. Sannan ta kai dosiyen, a sake buga wata sanarwar, a ƙara ba mutane kwana 30. In izinin ya fito ba ya wuce shekara 3, in ana son ci gaba da amfani da takardar sai an sake bin hanyar daga farko. Ana kuma ba takardar lamba da ake bugawa a jikinta. Wurin da ya fi burge ni a dokar shi ne, in takarda ba ta ɗauke da lambar nan, ba a hukunta wanda ya ƙi cika ta.

Abin da ake tambayar mutane kuma ba "kuna so ko ba ku so" ba ne. Ana tambayarsu ko da gaske ma'aikatar na buƙatar bayanin kuma za ta yi aiki da shi, ko lokacin da ta ƙiyasta cikewar za ta ci gaskiya ne, da ta inda za a gyara tambayoyin su fito sarai ko a sauƙaƙa wa mai cikewa. Ba dole ba ne ma'aikatar ta bi abin da aka ce mata, amma dole ta rubuta taƙaitaccen abin da mutane suka faɗa da abin da ta yi a kai, ta haɗa cikin dosiyen. Kun ga ke nan shela matakin farko ne kawai. Kalmar da muke nema sai ta nuna cewa hukuma ce ke jira, kuma ba a riga an yanke magana ba.

Malamin lekol, Illela:
To na ji. "Tuntuɓar jama'a" fa? Ina yawan jin ta a labarai.

Ƴar jarida, Yamai:
Mu ne ma muke yawan faɗinta, Malam, shi ya sa na san inda ta gaza. Duk wanda ya taɓa ɗauko rahoton taron tuntuɓa ya san fasalinsa: a gayyato sarakunan gargajiya da malamai da shugabannin ƙungiyoyin mata da na matasa, a zauna a zauren taro, a yi hutun shan ruwa, da la'asar a karanta sanarwar bayan taro. Ba na raina shi, yana da ranarsa. Amma mai tuntuɓa shi ke zaɓen wanda zai tuntuɓa. Abin da Yaya ya bayyana kuwa babu katin gayyata a cikinsa. Da a nan ake yi, mai noman albasa a Galmi zai iya aiko da tasa maganar daidai da babban kamfani. "Neman shawara" ma ban yarda da ita ba, don shawara ganin dama ce, in ka so ka nema, in ka so ka bari.

Dattijo mai rubuta wa mutane takardu, Tawa:
Ɗiyata mai fassara, ni ban yi nisa ga lekol ba, amma na daɗe ina rubuta ma mutane takardu, kuma na zauna cikin kwamitin ƙasa na garinmu, wanda ake ce ma kofo, ɗaya daga waɗanda anka kafa bayan dokar karkara ta 1993. In mutum ya zo shina son takardar gona, ba mu ba shi nan take. Sai a yi shela ran kasuwa, a faɗi bayan sallar Juma'a, a ce gona kaza wadda ta yi iyaka da wane da wane za a yi ma takarda, mai magana shi zo. Sannan mu zauna mu jira. Wanda ya ƙagara, abin da muke ce mishi ɗaya na: yi haƙuri, sai mun ji ta bakin maƙwabta. Sau da dama cikin jiran nan wani tsoho zai taso da sandarsa shi ce iccen gawon can ba nan iyaka ta tsaya ba, ko a ce akwai burtali da ya ratsa gonar, shanu na bi tun zamanin kakanni.

To wagga ita ce kalmar da kike nema: jin ta bakin jama'a. Alƙali ma ba ya yanke shari'a sai ya ji ta bakin kowane ɓangare, kuma duk Bahaushe ya san in anka ce za a ji ta bakinka, magana ba ta ƙare ba tukuna. Ra'ayi kuwa kowa na da nashi. Samari a fada wurin shayi ra'ayi suke yi har dare shi raba, babu wanda anka ɗora ma dole shi saurare su.

Malamin lekol, Illela:
Baba, Allah ya ƙara girma. Kalmar ta yi daɗi, sai dai can a rubuce ake aikawa, yawanci ta intanet. Ina baki a ciki?

Ƴar jarida, Yamai:
Haba Malam, kai da ke koyar da yara. In mutum ya ce "ba ni da baki a maganar nan", ai ba leɓɓansa aka ɗinke ba. In aka ce dattawa sun sa baki, ko da wasiƙa suka aiko an sa bakin. Ni ma abin da ya sa na fi son ta ke nan: a ƙasar da mutane da yawa ba su karanta Faransanci, kalmar da ke da "baki" a ciki ta bar hanya ga wanda zai kira rediyo, ko ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp, ko ya je ya faɗa wa sakatare ya rubuta. Damuwata ɗaya ce. Mu ƴan jarida mun riga mun cinye kalmar: mun ji ta bakin gwamna, mun ji ta bakin likita. Mai sauraro zai iya ɗauka hira ce aka yi da mutum biyu a bakin kasuwa.

Ma'aikacin shari'a, Yamai:
Maganin wannan kalma ɗaya ce, ƙanwata: wa'adi. "Wa'adin jin ta bakin jama'a." Da an ji wa'adi an san akwai ranar buɗewa da ranar rufewa, kuma akwai wanda ya ɗaure kansa da shi. Sai a ce an buɗe wa'adi na kwana 60, saura kwana 10 wa'adi ya cika, wa'adi ya cika an rufe. Har ma ta ba mu ƙanwarta kyauta: abin da ake kira "audience publique", inda ake tara mutanen gari a ƙarƙashin rumfa kafin a yi hanya ko a buɗe wurin haƙar ma'adinai, sai mu ce "zaman jin ta bakin jama'a". Ni dai na bi Baba.

Hajiya mai shagon atamfa, Tawa:
Ku kun yi ta farko, ni ta biyun ce ta taɓa ni, don bara na haɗa wa ɗana dosiyen konkur, wato jarabawar gasa da ake zaɓen waɗanda za a ɗauka. Takardar cikewar kanta ba ta kai shan shayi ɗaya ba ya gama ta. Abin da ke bayanta ne aikin. Takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, kaziye (takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum) wanda bai wuce wata uku ba, kopin diplom da aka buga wa hatimi, hotuna, kowace kuma da tambur ɗinta. A wani biro aka ce mai sa hannu ya fita, a dawo gobe. Mai fotokopi kuma wuta ta ɗauke, ya tada janareto, ya ƙara kuɗi. Kuɗin kabu-kabu kaɗai in aka tara ya fi na tamburan, ga shago a rufe ranar kasuwa. Sunan yaron da ranar haihuwarsa kuwa kowace takarda sai an sake rubuta su, alhali duka gwamnati ɗaya ce ta ba mu su. In kuna neman suna, ku sa "wahalar takardu", ku huta.

Mai fassara a gidan rediyo, Tawa:
Sannu Hajiya, Allah ya ba shi sa'a. "Wahala" gaskiya ce, amma in na faɗe ta a labarai kamar na yanke hukunci ne. Ba kowace takarda ba ce wahala, wata minti biyar ce kuma tana da amfani, kamar katin rigakafin yara. Ina son kalmar da ma'aikacin gwamnati da kansa zai iya rubutawa a rahotonsa ba tare da ya ji an zage shi ba.

Ma'aikacin shari'a, Yamai:
Kuma dole ta zama abin da ake iya aunawa, domin can da awowi suke lissafa ta. Dokar ta haɗa lokaci da ƙoƙari da kuɗin da mutum ya kashe, tun daga karanta umarnin cikewa, da neman takardun da za a haɗa, har zuwa miƙawa. Sai a ninka yawan masu cikewa da lokacin da kowa zai ci. A misali, in mutum 100,000 za su cika takardar rabin awa, an ci wa ƙasa awa 50,000 ke nan. In aka tara na dukan ma'aikatun Amurka, biliyoyin awowi ne a shekara, kaso mafi tsoka kuma na takardun haraji ne. Abin da Hajiya ta faɗa na maimaita suna da ranar haihuwa, Faransawa ma sun gane shi, suna da wani tsari da sunansa ke nufin "ku faɗa mana sau ɗaya", wato ma'aikata ta nemi bayanin wurin ƴar uwarta maimakon ta sake aiken talaka. "Nauyin takardu" zai iya yi, amma nauyi a Hausa ya fi karkata ga haƙƙin da ya rataya a wuyan mutum, ga kuma jin nauyi.

Dattijo mai rubuta wa mutane takardu, Tawa:
Ɗawainiya. Abin da Hajiya ta lissafa duka, in ƙawarta ta zo gaishe ta, mi za ta ce mata? Sannu da ɗawainiya. Kuɗi na ciki, kai-komo na ciki, ɓata yini na ciki. Kuma tana da yawa tana da kaɗan, ana cewa ɗawainiyar ta yi yawa, ko a rage ma mutane ɗawainiya.

Malamin lekol, Illela:
Ni na san ɗawainiya da abin da ake yi don ƙauna, ɗawainiyar baƙi, ɗawainiyar maras lafiya. Wa ke bin layin tambur don ƙauna?

Hajiya mai shagon atamfa, Tawa:
Ni mana, Malam. Don wa na rufe shagona?

Ƴar jarida, Yamai:
Hajiya ta gama da kai, Malam. "Ɗawainiyar takardu" ta zauna. Ina kuma roƙon masu fassara mu riƙe su haka a ko'ina, kada Tawa ta ce ɗaya Yamai ta ce wata. Tun da kundin sake gina ƙasa da gwamnatin Nijar ta fitar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, irin waɗannan kalmomin ba a rediyo kaɗai za a nemi su ba. Ran da aka ce a rubuta sanarwar hukuma da Hausa, abin da kunne ya riga ya saba da shi za a ɗauka, mai kyau ko maras kyau.

Mai fassara a gidan rediyo, Tawa:
Na gode iyayena, Allah ya saka da alheri. Ga yadda na gwada, ku ji ko ta shiga kunne: "A Amurka, kafin ma'aikata ta fito da sabuwar takardar cikewa, sai ta buɗe wa'adin jin ta bakin jama'a na kwana 60, ta kuma faɗi yawan ɗawainiyar da takardar za ta ɗora wa mutane." Saura ƙaramin abu ɗaya: "formulaire". Na ji ƴan uwanmu na Najeriya suna cewa fom, mu nan wasu na cewa fish.

Dattijo mai rubuta wa mutane takardu, Tawa:
Bar ta yadda kika sa, takardar cikewa. Tsohuwa a Buza za ta gane, ɗan Kano ma zai gane. Amma wurin "ɗora wa" ki ce "jawo wa", ɗawainiya jawo ta ake yi. Ƙarfe nawa shirin?

Mai fassara a gidan rediyo, Tawa:
Bayan sallar isha'i, Baba. Na gyara.