Dokar iskar metan ta Turai: daga ina tashar gas za ta fara?

Sabon_Shiga: Salamu alaikum, injiniyoyi. Dokar Tarayyar Turai kan iskar metan ta fara aiki a Agustan 2024, kuma gas ɗin tashar Bonny da ke Jihar Ribas yana zuwa Sifen da Fotugal. Tashar da ke tura gas can, me za ta fara yi? Sayen kyamarar gano yoyo ya wadatar?

Mai_Bawul: Wa alaikumus salam. Kyamara ba ita ce farko ba, malam. A fara da ƙidaya: kowane bawul, kowace mahaɗar bututu, sil ɗin kwamfaresa da murfin tanki, a maƙala masa lamba a shigar a rajista. Abin da ba ya cikin rajista ba mai duba shi.

Kyamarar infared tana nuna yoyo kamar hayaƙi, amma ba ta faɗin yawansa. Idan iska na kaɗawa da ƙarfi, ko zafin gas ɗin ya zo ɗaya da na abin da ke bayansa, sai ta nuna lafiya lau alhali yana zuba. Shi ya sa ake bin bayanta da na'urar shinshina mai auna ppm, wato kashi nawa cikin miliyan na iska metan ne, a ɗora bakinta a kan mahaɗar. Ga tashoshin cikin Turai, a binciken da ya fi tsanani, ppm 500 ya isa a gyara: a fara gyaran cikin kwana 5, a kammala cikin kwana 30. Bayan gyara a sake aunawa, don ɗaure noti fiye da kima yakan murƙushe gasket, wato abin da ke toshe tsakanin mahaɗar, yoyon ya ƙaru.

Tsohon_Fita: Gaskiya ne, Injiniya, sai dai babbar asarar ba a mahaɗa take ba. Tana wuraren da aka ƙera su don su saki gas. Bawul masu aiki da matsin gas kullum suna huci. A mayar da su kan iskar kwamfaresa ko lantarki. Sai zoben sandar kwamfaresa, wanda a ƙa'idar Amurka ta 2016 ake canzawa duk awa 26,000 ko wata 36. Uwa uba wutar ƙona gas: in ta mutu ba a sani ba, ɗanyen metan ke tashi sama, gara ma a ce tana ci. A sa mata na'urar lura da harshen wuta da mai kunnawa da kanta.

Hajiyar_Rahoto: Ku tuna mai shigo da gas Turai shi doka ta kama, shi kuma zai juyo kan mai haƙowa da neman takardu. Daga Janairun 2027, kwangilolin da aka ƙulla ko aka sabunta bayan dokar ta fara aiki sai an nuna awo da rahoto daidai da na Turai, wani mai zaman kansa ya tantance. A tsarin OGMP 2.0, wato tsarin rahoton metan na Majalisar Ɗinkin Duniya ga kamfanonin mai da gas, mataki na 5 ke nan: a auna kowace kafar da metan ke fita, a auna tashar gaba ɗaya da jirgi marar matuƙi, a daidaita lissafin biyu. In sun saɓa, yawanci tanki ne ko wutar. Kada a dogara da tauraron ɗan'adam a Neja Delta, gajimare da ruwa suna hana shi gani.